Agogon Hitler a kasuwar gwanjo, lambar sojan Bama a ƙasan adaka

A watan Yulin shekarar 2022, wani kamfanin gwanjo da ke jihar Maryland ta Amurka ya sayar da wani agogon hannu na zinariya a kan dala miliyan 1 da dubu 100.

Abin da ya jawo wa agogon wannan tsada shi ne zanen da ke bayansa: harafin A da harafin H, da hoton gaggafa, da kuma alamar nan mai lanƙwasassun hannuwa huɗu ta jam'iyyar Nazi. Kamfanin, wato Alexander Historical Auctions, ya ce agogon na Adolf Hitler ne, kuma wani sojan Faransa ne ya ɗauko shi daga gidan hutun shugaban na Jamus da ke kan tsaunukan Bavariya a watan Mayun 1945.

Shugabannin Yahudawa 34 sun rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman a fasa cinikin, amma ba a fasa ba.

A ɗaya gefen kuma, a shagunan da ke cinikin tsofaffin kayan soja a Birtaniya, lambar tagullar nan mai siffar tauraro da aka bai wa sojojin da suka yi yaƙi a ƙasar Bama ba ta cika kai fam 50 ba. Dubban 'yan Arewacin Nijeriya sun sami irin wannan lamba bayan yaƙin. A garuruwa irin su Anka da Gummi da Bukkuyum na yammacin jihar Zamfara babu kasuwar kayan Hitler. Abin da ya rage na wancan yaƙi, a gidajen da aka yi sa'a bai ɓata ba, shi ne wannan lamba da takardar sallama daga soja, a naɗe a ƙasan adaka.

Tazarar da ke tsakanin farashin nan biyu ita ke sa a tambayi ko su wane ne ke zuba kuɗi a kan kayan mutanen da suka jefa duniya cikin yaƙin da ya ci rayuka fiye da miliyan 50, kuma me hakan ke nunawa game da su.

Yaƙin Hitila

Dattawa a ƙasar Hausa ba su cika cewa Yaƙin Duniya na Biyu ba. Yaƙin Hitila suke cewa, duk kuwa da cewa galibin sojojin Nijeriya ba su taɓa yin ido huɗu da sojan Jamus ba.

Lokacin da yaƙin ya ɓarke a watan Satumban 1939, ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum suna cikin Lardin Sakkwato, shekara guda bayan hawan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun wannan shekara, ita ce ke kai labarin fagen daga ga masu karatun boko, su kuma su karanta wa jama'a.

Ba a daɗe ba yaƙin ya matso kusa. Bayan faɗuwar Faransa a watan Yunin 1940, Nijar ta koma ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, saboda haka iyakar Lardin Sakkwato ta arewa ta zama iyaka da abokan gaba har zuwa ƙarshen 1942. Turawan mulki sun riƙa ɗibar soja ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai. Wasu samarin sun kai kansu, wasu kuma miƙa su aka yi. Daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace ma'adinan kuza na Malaya, an tilasta wa dubban talakawan lardunan Arewa aikin haƙar kuza a tsaunukan Jos, abin da jama'a suka kira diban gwamna. A 1942 ɗin ne kuma aka yi yunwar da wasu sassan ƙasar Hausa ke tunawa da ita da sunan 'Yar Gusau.

Waɗanda aka sa wa kaki sun fara gwabzawa ne da sojojin Benito Mussolini na Italiya. Birget ta 23 ta sojojin Nijeriya ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairun 1941, sannan ta yi tafiyar fiye da mil 700 cikin kwana 17 zuwa Jijiga da ke ƙasar Habasha, kafin ta kama Harar. A farkon Afrilu Addis Ababa ta faɗa hannun dakarun ƙawance, ranar 5 ga Mayu kuma Sarki Haile Selassie ya koma birninsa.

Daga nan aka juya gabas. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka tura su yaƙi da Japan a dazuzzukan Bama. Kimanin sojojin Afirka ta Yamma 90,000 ne suka je wannan fage, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Alamar da 'yan runduna ta 81 ke ɗaurawa a kafaɗa baƙin gizo ne, wanda duk yaron da ya taɓa jin tatsuniya ya san wayonsa. Ta runduna ta 82 kuwa masu biyu ne da aka gitta a kan gammo, domin a wancan daji da mota ba ta shiga, a ka ake ɗaukar harsashi da abinci. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya kai musu ziyara can jim kaɗan bayan naɗinsa a 1944.

Sunayen barikokin soja da dama a Nijeriya daga waɗannan fagage aka samo su: Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Mogadishu a Abuja. Mutane da yawa na shiga da fita waɗannan wurare ba tare da sanin asalin sunayen ba.

Ganima

Ajiye kayan abokin gaba ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Takobi da sulke da kwalkwali da tambari da tuta duk ganima ce da mai nasara ke komawa da ita gida, kuma fadoji sun daɗe suna adana irinsu. Wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta da ke Argungu ko Gidan Makama da ke Kano zai ga makaman da aka zubar da jini da su, ba kuwa wanda ke zargin mai gadin wurin da son kisa.

Haka sojojin ƙawance suka yi a 1945. Na Amurka musamman sun kwashi hulunan kwano da wuƙaƙe da ƙananan bindigogi da tutocin 'yan Nazi sun aika gida. A fagen Asiya kuma takobin hafsan Japan da tutarsa su ne aka fi nema. Ga wanda ya ɗauko, abin shaida ne cewa ya je, ya gani, kuma ya dawo da ransa.

Akwai ma wanda ya ɗauki lambar ɓangarori biyu. Chari Maigumeri, ɗan ƙasar Barno, ya fara aikin soja ne da Jamusawa a Kamaru, kuma ana ba da labarin cewa sun ba shi lambar jarumta kafin Ingilishi su kama shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya shiga rundunarsu a 1917, ya kai muƙamin sajan-manjo na bataliya, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Tarihin mutum irin wannan na nuna cewa ƙarfen da ke maƙale a ƙirji, shi kaɗai, ba ya faɗin aƙidar mai shi.

Wasu masu ganimar ma daga baya ta yi musu nauyi. Tutar da sojan Japan ke ɗaurawa a jikinsa takan ƙunshi sa hannun iyayensa da 'yan'uwansa da maƙwabtansa, tare da fatan ya dawo lafiya. A 2009 wasu ma'aurata a jihar Oregon ta Amurka suka soma aikin da ya zama ƙungiyar Obon, mai neman dangin masu tutocin domin mayar musu. A watan Agustan 2017, wani tsohon sojan ruwan Amurka, Marvin Strombo, yana da shekara 93, ya je Japan da kansa ya miƙa wa ƙannen wani soja tutar da ya cire daga jikin gawar yayansu a tsibirin Saipan a 1944.

To sai dai wannan rukuni na waɗanda suka ɗauko da hannunsu ya kusa ƙarewa, domin mafi ƙuruciya a cikinsu ya doshi shekara ɗari. Idan tsoho ya rasu magada kan buɗe akwati, su ga abin da ba sa so a gida, su kira dillali. Ta nan ganima ke rikiɗa ta zama haja.

Su wa ke saye?

Dillalan wannan haja kan ce galibin abokan cinikinsu masu sha'awar tarihin soja ne, mutanen da ke iya kwana suna gardama a kan ɗinkin wata hula ko hatimin wata masana'anta. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma shi ya sa hukunci a kan mutum guda yake da wuya.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na Marc Garlasco, babban mai nazarin harkokin soja na ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch. A watan Satumban 2009 ƙungiyar ta dakatar da shi bayan an gano yana tara lambobin sojan Jamus na zamanin Hitler, har ya rubuta littafi a kansu. Ya ce kakansa na wajen uwa soja ne da aka tilasta wa shiga rundunar Jamus, kuma daga nan sha'awar ta samo asali. Masu sukarsa kuwa, waɗanda dama suna jin haushin rahotanninsa a kan hare-haren Isra'ila, suka ce ga dalilin. Ba a kawo wata shaida da ta nuna yana bin aƙidar Nazi ba, amma a farkon 2010 ya bar aikin.

A 2023 jaridun Amurka suka ba da rahoton cewa hamshaƙin attajirin nan na Texas, Harlan Crow, aminin alƙalin Kotun Ƙoli Clarence Thomas, yana da littafin Hitler mai ɗauke da sa hannunsa, da zane-zanen da ya yi, da kuma wani lambu cike da mutum-mutumin 'yan kama-karya. Ya ce yana ajiye su ne domin a tuna da sharrinsu. Ignazio La Russa, wanda ya zama shugaban majalisar dattawan Italiya a watan Oktoban 2022, ya taɓa zagayawa da 'yan jarida cikin gidansa a 2018 yana nuna musu ƙaramin mutum-mutumin Mussolini, wanda ya ce gadon mahaifinsa ne.

Kowannensu da hujjarsa, kuma zuciyar mutum ba a ganin cikinta. Amma idan ba a iya karanta zuciyar mai saye guda ba, ana iya karanta farashi.

A wannan kasuwa, gwargwadon kusancin abu da jikin Hitler, gwargwadon tsadarsa. Hular kwanon sojan SS, rundunar da ta gudanar da sansanonin gwale-gwale inda aka hallaka da yawa daga cikin Yahudawa miliyan 6 da aka kashe, ta ninka ta gama-garin sojan Jamus kuɗi sau da yawa, alhali ƙarfen ɗaya ne. A 2017 an sayar da wata jar wayar tarho da aka ce ta Hitler ce a kan dala 243,000. A 2016 har tufafin ciki na Eva Braun, matar da ya aura kwana guda kafin su kashe kansu, an yi gwanjonsu a Ingila.

Babu wani darasin tarihi da ɗalibi zai koya daga irin waɗannan. Abin ya fi kama da neman tabarruki, yadda mabiya ke ɗokin mallakar rawani ko carbin wani bawan Allah domin ya taɓa jikinsa, sai dai a nan wanda ake neman kusanci da shi azzalumi ne. Ko mai saye bai yarda da aƙidar ba, kuɗinsa na cewa ƙarfin iko da firgici suna da wani ƙwarjini a idonsa wanda wahalar sojan da ya ɗauki kaya a kan gammo ba ta da shi.

Wani attajiri ɗan asalin Labanan da ke zaune a Geneva, Abdallah Chatila, ya bi wata hanyar. A watan Nuwamban 2019 ya kashe kimanin euro 600,000 a gwanjon kamfanin Hermann Historica na Munich, ciki har da euro 50,000 a kan wata doguwar hular Hitler. Ya ce ya saya ne don kada kayan su faɗa hannun masu farfaɗo da aƙidar Nazi, kuma ya ba da su kyauta, aka kai su cibiyar tunawa da kisan kiyashi ta Yad Vashem da ke Birnin Ƙudus. An yaba masa ƙwarai, ko da yake kuɗin nasa ma aljihun masu sayarwa suka shiga.

Kasuwar jabu

Inda ɗoki ya yi yawa, 'yan damfara ba sa nisa. Masana wannan fanni sun daɗe suna cewa kaso mai yawa na kayan da ke yawo a kasuwa jabu ne.

Babbar damfarar da aka yi ita ce ta 1983. A watan Afrilun wannan shekara mujallar Stern ta Jamus ta Yamma ta shelanta cewa ta samo littattafai kusan 60 da Hitler ya riƙa rubuta al'amuransa na yau da kullum a ciki, bayan ta biya mak miliyan 9.3. Cikin mako biyu hukumar adana takardun tarihi ta ƙasar ta gano cewa takardar da tawadar duk na bayan yaƙi ne. Hatta haruffan da aka manna a bango F da H ne, maimakon A da H, domin maƙerin ya ruɗe da tsohon salon rubutun Jamusanci.

Wanda ya rubuta su, Konrad Kujau, dillalin kayan 'yan Nazi ne a Stuttgart. Ɗan jaridar da ya kai wa mujallar, Gerd Heidemann, shi kansa mai tara irin kayan ne, har ya ci bashi ya sayi jirgin ruwan shaƙatawa na Hermann Goering. A 1985 kotu ta ɗaure kowannensu fiye da shekara huɗu. Abin lura a nan shi ne, son abin ne ya rufe wa ɗan jaridar ido tun kafin kwaɗayin kuɗi ya rufe wa shugabanninsa.

Haka a 2017 'yan sandan Ajantina suka baje kolin kayan Nazi kusan 75 da suka gano a wani ɓoyayyen ɗaki kusa da Buenos Aires, daga baya ƙwararru daga Jamus suka ce galibinsu na bogi ne ko kuma an yi musu ƙari.

Abin da doka ta ce

Ƙasashe sun sha bamban. A Jamus sashe na 86a na dokar manyan laifuka ya haramta nuna alamun Nazi a bainar jama'a ko yaɗa su, kuma hukuncin kan kai ɗaurin shekara uku, amma an keɓe koyarwa da bincike da fasaha. Mallaka a cikin gida ba laifi ba ce, shi ya sa dillalai kan rufe alamar kafin su nuna haja. A Amurka kuwa tsarin mulki ya kare cinikin a matsayin 'yancin faɗin albarkacin baki.

Zuwan intanet ya haɗa waɗannan dokoki karo. A shekarar 2000 wata kotu a Paris ta umarci kamfanin Yahoo da ya hana mutanen Faransa ganin kayan Nazi da ake gwanjonsu a shafinsa na Amurka. A farkon 2001 kamfanin ya hana cinikin baki ɗaya, eBay ma ya bi sahu a wannan shekara. Ostireliya ta haramta cinikin alamun Nazi daga watan Janairun 2024.

Babban abin da hukumomi ke tsoro shi ne wuri ko abu ya zama wajen ziyara. A 2011 an tone kabarin mataimakin Hitler, Rudolf Hess, a garin Wunsiedel, aka ƙona ƙasusuwan aka watsa tokar a teku, saboda 'yan ra'ayin riƙau sun mai da shi mahaɗa. Ostiriya ta karɓe gidan da aka haifi Hitler a Braunau, kuma a 2023 aka fara aikin mai da shi ofishin 'yan sanda.

Italiya ce ta fi sassauci. Dokar Scelba ta 1952 ta hana sake kafa jam'iyyar Fasist, amma a Predappio, mahaifar Mussolini, inda aka mayar da gawarsa a 1957, shaguna sun shafe shekaru suna sayar da mutum-mutuminsa da riguna da kwalaben giya masu hotonsa. A watan Oktoban 2022 dubban mutane cikin baƙaƙen riguna sun yi jerin gwano zuwa kabarinsa domin cika shekara 100 da hawansa mulki. A nan kam ba a buƙatar dogon bincike kafin a san abin da mai saye ke nufi.

Takobin Musulunci

A wasu majalisun hira a ƙasar Hausa, kamar yadda yake a wasu ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka, akan ji mai cewa ai Hitler maƙiyin Ingilishi ne, ko kuma a kawo ganawar da ya yi da Muftin Ƙudus, Amin al-Husaini, a watan Nuwamban 1941. Wanda ke wannan lissafi ya kamata ya san labarin wani takobi.

A watan Maris na 1937, a wajen birnin Tarabulus na Libiya, an miƙa wa Mussolini wani takobi mai ado da aka kira Takobin Musulunci, ya ɗaga shi sama a kan doki, aka yi masa laƙabi da mai kare Musulunci. A birnin Florence na Italiya aka ƙera takobin, kuma an goge mutumin da ke riƙe da linzamin dokin daga hoton kafin a yaɗa shi.

Shekara biyar da rabi kafin wannan biki, ranar 16 ga Satumban 1931, gwamnatin Mussolini ta rataye Shehu Umar Mukhtar a Suluq, yana da shekara fiye da 70, a gaban dubban mutanen da aka tilasta wa kallo. Kimanin mutum 100,000 na gabashin Libiya aka tsare a sansanoni cikin hamada, dubun-dubatarsu suka mutu. Masu kallo a Arewacin Nijeriya sun san wannan labari ta fim ɗin da Mustapha Akkad ya yi a kansa, wanda aka hana nunawa a Italiya, sai a 2009 aka sa shi a talabijin, lokacin da Kanar Gaddafi ya sauka Roma da hoton Umar Mukhtar manne a ƙirjinsa.

Wata guda kafin bikin takobin kuma, bayan an jefa wa Janar Rodolfo Graziani gurneti a Addis Ababa ranar 19 ga Fabrairun 1937, 'yan Fasist sun kwashe kwana uku suna kisa a birnin. Habasha ta ce mutum 30,000 aka kashe, wani bincike na baya-bayan nan kuma ya ƙiyasta kimanin 19,000. Tun a yaƙin mamayar ƙasar na 1935 zuwa 1936 sun yi amfani da iska mai guba. Su ma sun kwashi tasu ganimar: dogon dutsen tarihi na Aksum da suka kai Roma a 1937 sai a 2005 aka mayar. Ba a taɓa gurfanar da Graziani saboda Libiya ko Habasha ba, a 2012 ma garin Affile ya gina masa wurin tunawa da kuɗin gwamnati. Takobin kuwa ya yi ɓatan dabo bayan faɗuwar Mussolini a 1943.

'Yan Nazi ba su ɓoye ra'ayinsu a kan baƙar fata ba. A 1937 sun yi wa yara kusan 400 na yankin Rhineland, waɗanda iyayensu maza sojojin Faransa ne daga ƙasashen da take mulka, tiyatar hana haihuwa da ƙarfi. A watannin Mayu da Yunin 1940 sojojin Jamus sun riƙa ware baƙaƙen sojojin Faransa daga fararen bayan sun miƙa wuya, suna harbe su. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta waɗanda aka yi wa haka tsakanin 1,500 da 3,000. Daga ƙasashen Afirka ta Yamma rainon Faransa aka ɗebo waɗannan sojoji, kuma Nijar na cikin ƙasashen. A Chasselay, kusa da Lyon, akwai maƙabarta mai jan gini irin na Sahel inda 188 daga cikinsu ke kwance.

Wannan bai wanke Turawan mulkin mallaka ba. Ranar 1 ga Disamban 1944 sojojin Faransa da kansu suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da ke neman haƙƙinsu a Thiaroye kusa da Dakar. Takardun Birtaniya da aka bankaɗo a 2019 sun nuna cewa a rundunonin Afirka ta Gabas, kuɗin sallamar farar fata kurtu sule 10 ne a kan kowane watan aiki, na baƙar fata kuma sule uku da sisi.

Musulmi sun san ƙissar Fir'auna, wanda aka tsirar da gawarsa domin ta zama izina ga na baya. Masu kula da gidajen tarihi kan kafa hujja da makamancin haka: su ma suna ajiye kakin SS da tutar Nazi, amma a gefen hotunan waɗanda aka kashe, tare da bayani, kuma ƙofa a buɗe ga kowa. Kayan da ke rataye a falon mutum shi kaɗai, an goge su suna ƙyalli, ba wannan aikin suke yi ba.

Abin da ke salwanta

A yammacin Zamfara matsalar ta juya baya ce: kayan waɗanda suka yaƙi 'yan Fasist ne ba mai tarawa.

Taurarin yaƙi da Birtaniya ta raba wa sojojinta, irin na Afirka da na Bama, galibi ba a zana sunan mai su a jiki ba. Takardar sallama ce ke ɗauke da sunan soja da lambarsa da bataliyarsa da wuraren da ya je. Idan gara ta cinye takardar, ko ruwa ya jiƙa ta, lambar ta zama marainiya, ba mai iya cewa ta wane ce.

Yankin kuwa ya ga abubuwan da ke raba mutum da adakarsa. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama, har dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa cikin garin Anka. A farkon Janairun 2022 an kai farmaki a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda mazauna suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnatin jiha kuma ta ce 58, aka ƙona gidaje. A daminar 2024 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi. Mai gudun ceton rai da goyo a baya ba ya tsayawa neman takardar kakansa.

Akwai wuraren da aikinsu ne adana irin waɗannan takardu, kamar cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da Gidan Arewa da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Kowace shekara kuma, ranar 15 ga Janairu, Nijeriya na bikin tunawa da 'yan mazan jiya, ana ajiye furanni ana sakin tattabaru. Sai dai tsakanin dandalin bikin da ƙauyen da ke bakin Gulbin Ka akwai nisa, kuma ko hoton takardar da wayar hannu, wanda jika zai iya ɗauka cikin minti guda, sai wani ya gaya masa tana da daraja kafin ya yi.

Waɗanda ba su dawo ba, nasu tarihin yana can nesa. A maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Yangon, an zana sunayen sojoji kusan 27,000 da suka mutu a yaƙin Bama ba a san kabarinsu ba. Akwai 'yan Nijeriya a cikinsu, an jera su bisa ga rundunarsu da muƙaminsu, ba tare da sunan garin da suka fito ba.